Ranar da Babu Mai Katse Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da Idi mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu babu kwali a bayan motonsa. Aikinsa ne ya ɗauko littattafai daga ɗakin karatun mishan ya kawo mini lise, wato makarantar sakandaren da nake aiki, ya kwashi nawa ya kai can. Da na hango shi hannu sake, sai na fara faɗa tun bai kashe inji ba. Ina tsaye bisa kujera a lokacin, ina kakkaɓe manyan ƙamus da ke saman kanta.

"Idi, ina kayana? Ko Daniyel ya sake mantawa?"

"Mushe, sauko tukuna." (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu.)

"Hwaɗi, ina jin ka."

"Sauko dai."

Na sauko. Ya ce Daniyel ya yanke jiki ya faɗi yana buɗe tagogin ɗakin karatunsa, an kai shi asibiti, bai kai hantsi ba.

Abin da ya kamata ya fara fita daga bakina kowa ya san shi. Amma abin da ya fita shi ne, "To ranar Laraba fa?" Idi ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Sai bayan nan na yi salati. Wannan ita ce kunyar farko, kuma ƙarama ce idan aka gwada ta da wadda ta biyo baya.

Bari in faɗi ko su wane ne mu, don a gane abin da Laraba ta ƙunsa.

Ni malamin firamare ne a da. Karatuna bai wuce birbe ba, wato takardar ƙaramar sakandare, sai horon malanta. Da maƙogwarona ya fara ba ni wahala, aka ɗauke ni daga aji aka ba ni makullin ɗakin karatun wani lise a nan Dogon Dutsi. Jami'a kuwa sau ɗaya na taɓa shiga harabarta, ranar da na kai wa ɗan yayata ƙullin garin gero da ƙuli-ƙuli (a bakin ƙofa ma muka rabu). Daniyel ya girme ni. Kirista ne, shi ke riƙe da ɗan ɗakin karatun mishan, kuma ya taɓa zama a jami'a wasu shekaru kafin rashin lafiyar mahaifinsa ta dawo da shi gida. Ina ce masa Yaya. Shi kuma Dokta yake ce mini, saboda dalilin da zan zo kansa.

Abin da ya haɗa mu yara ne. Duk lokacin hutu, waɗanda suka ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, suka tafi jami'a a Yamai ko Maraɗi ko Tawa sukan dawo su leƙo mu, kuma kukansu iri ɗaya ne. Malami zai ba da batu ya ce a je a yi bincike. Su kuma sai su danna waya, su kwafe abin da ya fara fitowa, a maido musu da takarda da sifili. Wata yarinya ta gaya wa Daniyel cewa ta yi wata da watanni tana wuce ƙofar ɗakin karatun jami'a ba ta shiga ba, don ba ta san abin da ake cewa idan an shiga ba. Daga nan muka roƙi shugaban lisenmu, wanda muke kira Furobiza, ya ba mu awa ɗaya duk Laraba da 'yan ajin ƙarshe, wato taminal. Ya ba mu, yana yatsina.

Shekarar farko wa'azi muka yi musu. Yadda ake neman littafi a kanta, yadda ake duba wanda ya rubuta da shekarar da aka buga, yadda ake ambaton inda aka samo magana. Suka yi barcinsu. Wata rana muna shan shayi a tsakar gidansa, Daniyel ya ce, "Yaran ga ba su da laihi. Tun ajin hwari munka koya musu duk wanda ya tsaya gaban tablo da alli a hannu shi ke da gaskiya. Sai mun yi musu ƙarya sun haɗiye, su ji ɗacinta da bakinsu."

"Wa zai yi ƙaryar?"

"Kai mana. Kai ke da huskar mutanen kirki."

Ga yadda muka tsara. Zaman farko na kowace shekara, sai in sa babbar riga, in maƙala tabarau, in tsaya gaban yara in yi ta zuba ƙarya cikin isa, ina haɗawa da Faransanci mai nauyi. Su kuma suna rubutawa. Daniyel yana can kujerar baya kusa da taga, kamar baƙon da ya shigo shan inuwa, ya rufe fuska da jarida. Idan na kawo ƙaryar ƙarshe, sai a ji ƙarar naɗe jarida, sannan muryarsa, a hankali:

"Dokta, wa ya hwaɗa maka?"

Ni kuma in harzuƙa. "Ni za ka tambaya? A littahi na gani!"

"Wane littahi? Wa ya rubuta shi? Yaushe? Shi kuma wa ya hwaɗa mishi?"

Haka za mu yi ta yi har in rasa ta cewa, in zauna ina fifita da hula. Sai ya kasa yaran rukuni-rukuni, ya tura su kanta, kowane rukuni ya kamo ƙarya ɗaya ya zo da shaidarsa. A ƙarshe kowa ya ɗauki jan bik ya soke abin da ya rubuta da hannunsa. Na ga yara suna dariya, na ga waɗanda suka yi fushi har da ƙwalla, amma ban taɓa ganin wanda ya yi barci ba. Daga ranar, duk abin da muka koya musu yana zama. Sharaɗi ɗaya ne, kada su gaya wa na bayansu. Masu maimaita aji kuwa mukan sallame su a ranar, don kada su ɓata wasan.

Zan faɗi gaskiya, ina son rawar nan fiye da yadda ya dace. Sau ɗaya a shekara ni ne Dokta. Ina magana ana rubutawa. Har nakan ji haushi kaɗan idan jaridar ta yi ƙara da wuri.

A shekarar da nake magana, awarmu ta shiga haɗari. Malaman lissafi suna son ta don bitar bak, kuma Furobiza bai taɓa zama ya ga abin da muke yi ba, hayaniya kawai yake jiyowa daga ofis. Daniyel ya samo mafita. Ya daɗe yana waya da wata ma'aikaciyar ɗakin karatun jami'a a Yamai, Madan Hadiza, wadda ita ma ta gaji da karɓar ɗaliban da ba su san bambancin ƙamus da littafin tarihi ba. Ta ce tana son zuwa ta ga aikinmu, ko a haɗa hannu. Furobiza ya ce shi ke nan, ta zo ta gani: in ta yaba, awa ta zama tamu har abada, in ba ta yaba ba, ta koma wa lissafi. Saboda haka muka jinkirta zaman farko har sai ranar da za ta samu zuwa. Daniyel ya ƙara da gayyato 'yan taminal na garin Kore Mairuwa da ke kusa da mu, don yana fatan a fara irin wannan a can. Ita kanta Madan bai gaya mata sirrin ba.

"Ita ma bari mu kama ta," in ji shi, yana dariya. "Mu gani ko 'yan jami'a na da haƙurin jira."

Larabar da na tambayi Idi ke nan. Saura 'yan kwanaki ta zo, Daniyel ya rasu.

Ba zan yi dogon bayani kan jana'iza ba. Na tsaya a bayan mutane a harabar coci, na bi su maƙabarta, na dawo na zauna tare da 'yan'uwansa. Matarsa Marta ta amsa gaisuwata da ka kawai. Da na koma makaranta, Furobiza ya kira ni ya yi mini ta'aziyya, ya ce ko a ɗaga zaman. Na san shi. Abin da ya ɗaga ba ya sauka. Na ce a'a, zan iya ni kaɗai.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan yi rawata yadda na saba, in na kawo ƙaryar ƙarshe sai in cire tabarau da kaina, in ce wa yara, "Cikinku wa ya tambaye ni inda na samo wannan?" Na gwada a ɗaki gaban madubi, ya tafi daidai. Maiɗakina tana jina daga madafa. Ta leƙo ta ce, "Malam, ka hwaɗa ma wani mana. Ko Furobiza, ko ita baƙuwar. A samu mai tsai da kai."

"In an hwaɗa ya lalace."

"To ka sa wani ya zauna wurinshi."

Na ce mata ba ta san aikin ba. Gaskiyar ita ce ba na son in ji tambayar nan a bakin kowa. Na ɗauka biyayya nake yi wa mamaci. Yanzu da nake dubawa, akwai girman kai a ciki, mai yawa.

Ranar Laraba aka kwaso bencina aka cika ɗakin karatu har ƙofa. 'Yan Kore Mairuwa sun iso cikin wata tsohuwar mota da aka yi musu shata, sun yi wanka, sun sha guga, kowa da sabon kaye, littafin rubutu, a hannu. Suka jibge jakunkunansu bisa kujerar baya ta kusa da taga. Na gani, na wuce. Malamin da ya rako su ya gaishe ni, ya zaunar da su, ya fita wurin direba gindin bishiya, inda aka riga aka ɗora shayi. Masu maimaita aji, su kaɗai a duk makarantar da suka san wasan, ni da kaina na tsaya a ƙofa na sallame su (har da yi musu barazana idan na ga ƙeyar ɗaya a taga). A sahun gaba aka ajiye kujeru: Furobiza, Madan Hadiza da littafinta na rubutu a cinya, da malamin labarin ƙasa, wanda ya shigo don a gan shi kusa da baƙuwa.

Aka yi shiru na ɗan lokaci saboda Daniyel. Furobiza ya gabatar da ni, ya ce ni ne "ginshiƙin wannan aiki." Na gyara babbar riga, na tura tabarau bisa hanci, na fara.

Kuma wallahi ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Muryar da ta gagare ni a aji ta dawo. Na gaya musu Kogin Kwara daga Tafkin Chadi yake tasowa. Na gaya musu gero Turawa ne suka kawo mana shi cikin jirgin ruwa, kafin nan kakanninmu ganye suke ci. Na ce masana sun gama bincike, sauro ba shi da hannu a zazzaɓi, ɗanyen mangwaro ne ke kawo shi. Na ce duk abin da aka buga a littafi gaskiya ne, don ba a barin injin buga takarda ya buga ƙarya. Na ce idan ka tambayi waya, amsar da ta fito a sama ita ce mafi inganci, shi ya sa aka sa ta a sama. Kawuna a sunkuye, ba ka jin komai sai ƙarar bik a kan takarda.

Ina satar kallon sahun gaba. Madan Hadiza ta fara da murmushi. A kan kogi murmushin ya tsaya. A kan gero ta ajiye bik. A kan mangwaro ta juya ta dubi Furobiza, shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Malamin labarin ƙasa ya buɗe baki ya rufe. Ni kuwa a raina daɗi nake ji. Na ce, Yaya, ga ta nan mun kama ta.

Sai na zo ta ƙarshe. Daniyel ne ya zaɓe ta tun farko, don ita ce ke kai yara ga darasin ambaton majiya. Na ɗaga yatsa, na ce:

"Kuma ku sani, idan mai magana ya mutu, maganarsa ta zama ta kowa. Ka ɗauka ka sa sunanka. Ba sai ka ambace shi ba."

Na yi shiru, na juya kunne wajen taga.

Ban yi niyya ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Na tsaya da yatsa a sama, fuskata a ɗaure irin ta Dokta, ina jiran ƙarar jarida. Na jira. Har na ji ɗan haushin nan na cewa yau ya makara. Sannan idona ya kai kujerar, na ga jakunkunan yara a jibge.

Sai a lokacin labarin da Idi ya kawo ya iso gare ni. Ba ranar da ya faɗa ba, ba a maƙabarta ba. A nan, gaban ɗalibai da baƙi, cikin babbar riga.

Na san abin da zan yi. Hannu zai je ga tabarau, baki zai yi tambaya. Hannun ya ƙi tashi. Bakin ma ya ƙi. Na san idan na furta tambayar nan kuka zan yi, irin kukan da ba a yi gaban yara. Na tsaya ƙiƙam, zufa na bin bayana. Ban san tsawon lokacin ba. An ce mini har wani ya yi tari.

Wata yarinya 'yar Kore Mairuwa, a sahu na biyu, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mushe, a yi haƙuri, a maimaita ta ƙarshen. Ban ida rubutawa ba."

Jama'a, na maimaita.

Wannan shi ne abin da har yau idan na tuna shi ina cikin tafiya sai in tsaya. Bakin da ya kasa faɗin gaskiya guda, ya buɗe sumul ya maimaita ƙaryar, a hankali, kalma bayan kalma, kamar yadda na yi shekaru ina yi wa 'yan firamare dikte. Har da "waƙafi." Har da "aya." Yarinyar ta gama, ta ce, "Na gode, Mushe."

Furobiza ya miƙe ya yi tafi shi kaɗai, da ƙarfi. Ya ce Mushe ya gaji, kowa ya san halin rashin da ake ciki, an gode, an tashi. Yara suka fita. Ni na faɗa bisa kujerar tebur, ina jin su suna kwasar jakunkuna. Direban 'yan Kore Mairuwa ya riga ya fara danna oda, yana son ya koma ya ɗauki wani lodi. Kafin muryata ta dawo, motar ta hau kwalta.

Aka kira ni ofis. An kawo wa baƙuwa shinkafa da miya, ba wanda ya taɓa. Na shiga da babbar rigata, tabarau har yanzu a hanci, don na manta da shi. Madan Hadiza mace ce mai kirki, ban da wata magana a kanta. Ta jawo mini kujera da kanta. Ta yago takarda, ta zana mini layi mai lanƙwasa, ta ce, "Baba, duba nan. Kogin daga duwatsun Gine yake tasowa, ya bi ta Mali, ya shigo wurinmu." Tana magana a hankali, yadda ake yi wa wanda ya tashi daga jinya.

Na ce, "Madan, na sani. Wasa ne. Haka muke yi da marigayi. Ni in yi ƙarya, shi ya tsai da ni."

Ta dube ni da tausayi, ta ce, "Na gane, Baba."

Ba ta gane ba. Ta ɗauka tsoho ne ke neman mayafi. Kuma wa zai ga laifinta? Ta ji ni da kunnenta ina ba da dikte.

Malamin labarin ƙasa, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, "Ni dai na daɗe ina hwaɗi, ɗakin karatu ba wurin ajiye marasa lahiya ba ne."

Furobiza ya ce, "Ya isa." Sannan ya juyo wurina. "Mushe, ko wasa ne, wa ya sani? Ni kaina ban sani ba, a makarantata."

Na cire tabarau na sa a aljihu.

Abin da ya fi ci mini rai ba gyaran da aka yi mini ba ne. Cikin manyan mutane uku da suka zauna a gabana, babu ɗaya da ya ce a ransa, kai, mutumin nan ba zai yarda da wannan shirme ba, akwai wani abu a ƙasa. Na yi shekaru ina gaisawa da biyu daga cikinsu kowace safiya. Na ce gero a jirgin ruwa ya zo, suka ji kunya, amma ba su yi mamaki ba. Ashe abin da suke zato na sani ke nan tun da can.

Madan ta koma Yamai da la'asar. Ba ta ce aikinmu ba shi da amfani ba. Ta ce kawai a ganinta a dakata har a samu "wanda aka horar." Lambarta a wayar Daniyel take, ni kuma ban da fuskar da zan nema wurin Furobiza.

Washegari masu maimaita aji suka ji labari, suka tafi ofis a ƙungiyance suka ba da shaida cewa haka ake yi duk shekara. Furobiza ya yarda. Har ya yi dariya, ya kai labarin ɗakin malamai, ya riƙa kwaikwayon yadda na ɗaga yatsa. Na je na same shi na ce to tunda gaskiya ta fito, a maido mana da awarmu.

"A maido ma wa?" ya ce. "Kai da wa?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Tambaya ce kawai, kuma Laraba ta gaba lissafi aka yi.

Na roƙi malamin lissafin ya ba ni ɗan lokaci a farkon darasinsa. Ya ba ni, yana tsaye yana duba agogo. Na ce wa yaranmu su fito da kaye su soke duk abin da na faɗa. Ba kanta, ba rukuni, ba wanda ya kamo komai da hannunsa. Na ce ƙarya ne, suka soke, kamar yadda na ce gaskiya ne suka rubuta. Wani daga baya ya ce, "Mushe, mangwaron ma?" Aji ya fashe. Tun daga ranar sunana a makarantar Mushe Mangwaro (har masu sayar da shi a bakin ƙofa sun ɗauka, sukan ce in zo in duba musu ko na yau na da zazzaɓi).

Mutum ɗaya ce ta ji labarin yadda yake. Bayan wasu makonni na je gaida Marta, muka zauna a tsakar gidan da muka sha gwada wasan tana jin mu tana tankaɗe. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma gari ƙarami ne, ta riga ta ji rabi. Na ba ta sauran. Da na kawo wurin dikte, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya ce, ta farko tun rasuwar, in ji 'yarta.

"Har da aya?" ta ce.

"Har da aya."

"Wayyo, Dokta." Ta share ido. "Shi kullum cewa yake, in ba a tsai da kai ba sai ka kai magariba." Sannan ta ce, ba dariya, "Ɗiyan mutanen Kore Mairuwa hwa? Wa ya tsai da kai a wurinsu?"

Na ce zan je.

Na kira malamin da ya rako su. Ya ce shi bai ji abin da aka faɗa ba, shayi yake sha, kuma ba zai tsaya gaban ajinsa ya ce baƙon da ya kai su wurinsa maƙaryaci ne ba. In ina so in zo da kaina, ƙofa a buɗe take. Ya yi gaskiya. Na sa rana, na ɗaga. Na sake sa wata. Sau ɗaya har na kai tasha, na ga mota tana lodi, na tuna zan tsaya gaban yarinyar nan in ce mata abin da ta gode mini a kansa ƙarya ne, kuma babu kowa a kujerar baya. Na sayi goro na koma gida.

Idan akwai darasi a cikin wannan, ni ne na fi kowa buƙatarsa. Shekaru ina koya wa yara su tuhumi mai babbar riga, ban taɓa lura cewa ni rigar kawai nake sawa ba, tuhumar a bakin wani take. Duk wanda zai yi ƙarya don koyarwa, ya fara tabbatar da cewa mai ƙaryata shi yana ɗakin, da rai, kuma kada ya kori shaidunsa da hannunsa.

An yi bak, an watse. Wasu daga cikin yaran nan yanzu suna jami'a, wasu sun tafi ci-rani, ban san sunan ko ɗaya ba. Ina fatan wani malami ya gyara musu kogin. Ta ƙarshen ce ban san wanda zai gyara ba. Kore Mairuwa ba nisa, kwalta ce har can. Ban je ba har yau.